Yadda ake haɗa kunun zaƙi na tsiro da kunun aya ya zama abin sha ɗaya

Kunun zaƙi da kunun aya kowanne yana da inda ya fi ɗan'uwansa, kowanne kuma yana da inda yake wahalar da mai yi. Na aya yana da maiƙo da gardi, amma ba ya jure zafi. A watan Maris ko Afrilu a Gombe, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, wanda aka tace da hantsi aka bari a waje kafin la'asar ya fara yauƙi. Na zaƙi kuwa ya sha wuta, yana da jiki da ƙamshin hatsi, yana riƙe ciki, sai dai ba shi da wannan maiƙon. Kuma yawancin wanda ake sayarwa a gora yanzu sukari ne ke ɗauke da shi, an bar tsiro da dankalin da iyayenmu suke samo zaƙinsa da su.

Mata da yawa sun gwada juye wannan cikin wancan, sai abin ya rabu biyu, ruwa a sama tsaki a ƙasa, ko ya yi tsami tun kafin a kai shi gaban baƙi. Laifin ba na haɗin ba ne. Ɗaya da wuta ake gina shi, ɗaya kuma ɗanye ne, saboda haka kowanne sai an bi da shi ta hanyarsa, su haɗu a wuri ɗaya tak, a kan zafin da ya dace. Idan aka yi haka za a samu kunu mai launin madara da ɗan duhu, zaƙinsa daga hatsin kansa, gardinsa daga aya, kuma ya fi ɗanyen kunun aya jimiri.

Abin da tsiro yake yi a cikin tukunya

Sai an gane wannan sauran aikin zai yi ma'ana. Ƙwayar hatsi cike take da sitaci, kuma sitaci ba shi da zaƙi. Idan ƙwayar ta sha ruwa ta fara tsirowa, tana samar da sinadaran da ake kira amilas don su farfasa sitacin ya zama sukarin da ɗan tsiron zai ci. Mu kuma sai mu tsayar da tsirowar ta hanyar shanyawa, mu ɗauki sinadaran mu sa su aiki a kan kununmu.

Iri biyu ne masu muhimmanci. Na farko yana yanka sitaci gunduwa-gunduwa, shi ne ke sa kunu mai kauri ya tsinke cikin 'yan mintuna. Yana son zafi wajen digiri 70. Na biyu yana bin gunduwoyin yana fitar da sukari mai zaƙi, ya fi aiki tsakanin digiri 60 zuwa 65, kuma zafi mai yawa yana kashe shi da wuri. Tsiron dawa yana da na farkon sosai, na biyun ne yake da ƙarancinsa. Dankalin Hausa kuma yana da na biyun da yawa. Wannan shi ne dalilin da tsofaffi suke markaɗa busasshen dankali su zuba a kunun zaƙi, kuma aikin nasu daidai yake da abin da masana suka auna daga baya.

Sannan sinadaran ba sa iya cin ɗanyen sitacin gero ko dawa da sauri. Sai ya dahu ya kumbura. Zafin da zai dafa shi kuwa zai kashe su. Shi ya sa ake dama hatsin daban, a bari ya huce, sannan a kawo tsiron ɗanye.

Yin tsiro

Wannan sashen shi ya fi cin lokaci, kusan mako guda, amma idan kika yi da yawa zai kai ki watanni. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan girbi zuwa cikin hunturu, dawa sabuwa ce, iska a bushe take, fumfuna ba ta da ƙarfi.

Ki nemi dawa ta bana a kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe ko wurin manomin da kika yarda da shi. Farafara tana ba da kunu mai haske, kaura tana ba da ɗan ruwan ɗorawa, jar dawa kuma tana kawo launi da ɗan bauri. Kada ki kuskura ki yi amfani da irin shuka da aka gauraya da hodar magani, wannan guba ce, kuma ki tambayi mai hatsin ko an sa wa buhun maganin ƙwari. Shinkafa shanshera ma tana yin tsiro mai kyau, ga ta nan tana fitowa daga Dadin Kowa, amma a nan da dawa za mu yi. Ba ƙaramin hatsi ba ce a wannan fanni: tun da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin lemon malt suka koma kan dawarmu, har irin nan na SK5912 da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar ya yi suna wajen yin tsiro.

Kafin ki jiƙa mudu guda, ki gwada. Ki ƙirga ƙwaya 100, ki shimfiɗa a jiƙaƙƙen ƙyalle, ki rufe, ki duba bayan kwana 3. Idan 90 ko fiye sun fito, dawar tana da rai. Idan rabi ne suka fito ki yi tuwo da ita, domin ƙwayar da ba ta tsiro ba ruɓewa take yi a cikin sauran ta ɓata su.

Ki wanke dawar, ki kwashe duk abin da ya taso saman ruwa, ki rege. Kada a surfa, surfe yana kashe idon ƙwayar. Ki jiƙa ta kamar awa 8, ki tsiyaye ruwan ki bar ta ta sha iska awa 2, ki sake zuba sabon ruwa na wasu awa 8 zuwa 10. Ƙwaya mai rai tana numfashi, idan ta daɗe a nutse cikin ruwa ɗaya sai ta shaƙe ta fara wari. Za ki san ta ƙoshi idan kika matsa ta da farce ta lotsa, kuma kika ga ɗan farin baki ya leƙo a gindinta.

Daga nan ki tsane ta, ki shimfiɗa a wankakken buhun algarara a ɗaki mai inuwa, kaurin shimfiɗar kada ya wuce faɗin yatsu uku. Ki rufe da jiƙaƙƙen zane. Safe da yamma ki buɗe, ki yayyafa ruwa, ki juya da hannu a hankali don saiwoyin kada su sarƙe, zafin da ke taruwa a tsakiya kuma ya fita. Idan kika tura hannu a rana ta biyu za ki ji ɗumi, ki ji ƙamshi mai sanyi irin na ɗanyen tsiro. Ruwan yayyafi ya zama na jiƙa fuska kawai, kada ya kwanta a ƙasa.

Cikin kwana 3 zuwa 5 saiwoyi farare za su fito, kan tsiron kuma ya kai tsawon gaɓar yatsa. A nan za ki tsaya. Idan kika bari ya yi kore ya fara ganye, tsiron ya cinye abincin da kike nema. Idan kuma kika ga fumfuna baƙa ko koriya ko ruwan ɗorawa, ki zubar da shi gaba ɗaya, kada ki ce za ki tsince. Wasu nau'o'in fumfunar hatsi suna barin gubar da ke cutar da hanta, kuma tafasa ba ta kashe ta.

Ki baza shi a tabarma a rana, siriri, kina juyawa, kwana 2 ko 3, har sai kin ciza ƙwayar ta ce ƙaras. Kada ki busar a kan wuta, zafinta zai kashe sinadaran da kika sha wahalar samarwa.

Saura mataki ɗaya da ba a wasa da shi. Ki murje busasshen tsiron tsakanin tafukanki har saiwoyi da kawunan su karye, ki bakace a faifai su fita sarai. Ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da sinadarin da ke rikiɗewa ya zama gubar sayanayid, kuma a saiwa da kan tsiron ya fi taruwa. Shi ne abin da makiyaya suke gudu idan suka hana dabba cin ƙaramar dawa ko gyauro. Cire su, da kuma tafasawar da za a yi daga baya, su ne kariyar. Bayan haka ma suna sa kunu ɗaci. Ki adana ƙwayar a mazubi mai murfi, a wuri busasshe.

Kayan haɗi

Wannan awon zai ba ki kamar lita 8. Gwangwanin madara ƙarami shi ne ma'aunin.

Gero gwangwani 6, wato kusan kilo 1. Tsiron dawa gwangwani 2. Busasshen dankalin Hausa gwangwani 1, ko ɗanye madaidaita guda 2. Busasshiyar aya gwangwani 5. Busasshiyar citta kamar yatsu 3, kanumfari ƙwaya 8 zuwa 10, masoro kaɗan ga mai so. Barkono ki bar shi a wannan karon, yana danne ƙamshin aya.

Kina buƙatar babbar tukunya mai ɗaukar lita 10, muciya, ƙyallen tata mai laushi, bargo ko babbar kula, da ƙanƙara. Idan da hali ki sayi ma'aunin zafi na girki, irin wanda masu yin yogot suke amfani da shi. Ba shi da tsada, kuma shi ne zai raba ki da yawan kintace. Dabino ba ya cikin lissafin, domin zaƙin daga tsiro zai zo.

Daren jajibiri da zuwa inji

Ki tsince aya da kyau, ki rege, ki wanke ta ruwa uku ko huɗu kina murzawa. Aya a cikin ƙasa take girma, ƙasar kuma tana maƙalewa a cikin tamojin bayanta. Rabin lalacewar kunun aya daga nan take farawa. Ki jiƙa ta awa 12 zuwa 24, kina canza ruwa, musamman lokacin zafi. Gero a surfa shi sama-sama, a wanke, a jiƙa da daddare. Busasshen dankali ma ya kwana a ruwa. Tsiro ba ya buƙatar kwana, awa ɗaya a ruwan sanyi ta ishe shi. A daren nan kuma ki tafasa ruwa lita 4 ki rufe ya huce, da shi za a markaɗa aya a tace.

Da safe ki tsane ayar a kwando, ki kwarara mata tafasasshen ruwa, ki bi da na sanyi nan take. Bayanta kawai ake so zafin ya taɓa.

Roba uku za ki kai inji: aya, sai gero da rabin cittar, sai tsiro da dankali. Ki yi sammako kafin masu kayan miya da masu ƙullun ƙosai su zo. Ki ce wa mai injin, "Malam, don Allah a ɗauraye mini shi sosai, aya ce, kuma ita za a fara." Ki miƙa masa ruwan da kika zo da shi. Aya tana kwasar warin duk abin da ya riga ta shiga inji, kuma attarugu ko wake kaɗan ya isa ya ɓata miki aikin mako guda. Bayan aya sai gero, tsiro da dankali su zo ƙarshe. Mai babbar blanda a gida ta huta da wannan.

Madarar aya da farin da ke kwanciya a ƙasa

Da dawowarki ki fara da aya. Ki zuba mata ruwan nan dafaffe, ki tace a ƙyalle, ki matse da ƙarfi, ki ƙara wa dusar ruwa kaɗan ki sake matsewa. Ki nufi lita 3 na madara. Ki rufe ki sa a firji, ko ki dasa robar cikin kula mai ƙanƙara, ki ƙyale ta awa ɗaya zuwa biyu ba tare da motsawa ba.

Idan kika karkata robar a hankali kika tsiyaye madarar zuwa wani mazubi, za ki tarar da wani farin abu ya kwanta a ƙasa, mai santsi, yana ɗan ƙara idan kika ja shi da cokali. Sitacin aya ke nan. Shi ne dalilin da ba a dafa kunun aya, domin da ya ji wuta sai ya kumbura ya mayar da shi fate. A yankin Balensiya na ƙasar Sifen, inda suke yin nasu kunun ayar da suke kira orcata, idan za su ɗumama shi don ya daɗe ba sa bari zafin ya wuce digiri 72 saboda wannan sitacin.

A nan ne haɗin namu yake da riba. Farin nan kada ki zubar. Ki kwashe shi ki zuba a ƙullun gero. Zai dahu tare da gero, tsiro ya mayar da shi sukari, madarar da ta rage kuma ta zama mai iya ɗaukar zafi ba tare da ta yi kauri ba. Ki mayar da madarar cikin sanyi har lokacinta ya yi.

Idan babu wutar lantarki kuma babu ƙanƙara, kada ki markaɗa ayar da safe. Ki bari sai kunun gero yana cikin bargo sannan a kai ta inji, farin kuma ki ajiye shi don kokon gobe.

Damu da zuba tsiro

Ki tafasa ruwa lita 4 da rabi a babbar tukunya. Ki dama ƙullun gero da ɗan ruwa ya saki, ba sai kin tace ba, ki zuba a hankali kina juyawa da muciya. Ki rage wuta, ki ci gaba da tuƙawa minti 10 har ya dahu ya yi kauri, farin ɗanyen ƙullu ya ɓace. Zai yi kauri har ki fara tunanin ruwa ya yi kaɗan. Kada ki ƙara.

Ki sauke, ki yi ta juyawa minti 5, sannan ki ɗebi ludayi ɗaya na ƙullun tsiro ki zuba. Zafin ya yi wa sinadarin da ke kawo zaƙi yawa, amma mai tsinkawa zai yi aiki kafin ya mutu. Ki lura da muciyar: da farko tana tsayawa da kanta a tsakiyar tukunya, can sai ki ji hannunki ya yi sauƙi, kunun ya fara bin bayanta yana rufe hanyar da ta wuce. Cikin minti biyu ko uku abin da kike tuƙawa da ƙyar ya koma ruwa. Wannan yana sa ya huce da sauri kuma ya huce daidai ko'ina.

Yanzu ki jira zafin ya sauko digiri 68 zuwa 70. Idan babu ma'auni, ki ɗiba a cokali ki kai baki nan take: ya zama kamar shayin da ake kurɓa da ƙyar ana hurawa. Idan ba ya kurɓuwa sam, da saura. Sai ki juye sauran ƙullun tsiro da dankali, wanda kika sassauta da ruwan sanyi har ya kai kamar lita 1. Sanyinsa zai sauko da tukunyar zuwa wajen digiri 63 zuwa 65, inda ake so. Ki juya sosai, ki rufe, ki naɗe tukunyar da bargo ko ki juye cikin kula.

Ki ɗanɗana kafin ki rufe, don ki samu abin kwatantawa. Bayan awa ɗaya ki buɗe, ki juya, ki sake ɗanɗanawa. Zaƙin zai fara fitowa, mai nauyi a bayan harshe, ba mai kaifi irin na sukari ba. Ki mayar da murfi. Awa 2 ta isa. Mai son tabbatarwa ta ɗebi ruwan sama a cokali ta zuba a farin faranti, ta ɗiga masa aidin na kemis. Idan ya koma baƙi ko shuɗi mai duhu, sitaci yana nan da yawa, a ƙara rabin awa. Idan ja-ja ne ko ruwan ƙasa, ya yi. Wanda aka ɗiga wa aidin a zubar, a wanke farantin.

A kunun zaƙi na gargajiya a nan ake barinsa ya kwana, ƙwayoyin bakteriya masu kawo tsami su yi aikinsu. Ni a wannan haɗin ba na goyon bayan kwanan. Tsami yana tsinka madarar aya, yana kuma rufe gardinta, wanda dominsa aka yi wahalar. Mai son ɗan tsami ta matsa lemon tsami a kofinta lokacin sha.

Tata, tafasa da haɗuwar biyun

Ki tace a ƙyalle tun yana da ɗumi, ya fi saurin wucewa. Ki zuba wa dusar ruwan zafi kamar lita 1, ki juya ki sake matsewa, akwai zaƙi da yawa a maƙale a cikinta. Ki daidaita abin da kika samu ya zama kamar lita 5.

Ki mayar kan wuta, amma ƙarama. Ki bar shi ya hau a hankali cikin minti 20 zuwa 30 kafin ya tafasa, kina juyawa don kada ya kama. Dalilin shi ne tsiron da dankalin suna da nasu ɗanyen sitacin da bai dahu ba tukuna. Idan zafin ya hau sannu, zai dahu a daidai lokacin da mai tsinkawa yake da sauran ƙarfi. Idan kika buɗe wuta gaba ɗaya, kunun zai sake yin kauri fiye da yadda ake so.

Da ya tafasa ki daka sauran cittar ki jefa, ki bar shi yana tafasa minti 10 a buɗe. Kanumfari da masoro su shiga a minti 2 na ƙarshe. Kanumfari idan ya daɗe a wuta ƙamshinsa yana bin tururi ya bar ɗaci, ki kuma tsame ƙwayoyin da zarar kin sauke. Wannan tafasar tana tsayar da aikin tsiro, tana kashe yis da bakteriyar da suka biyo hatsin.

Ga wurin haɗuwar. Ki sauke tukunyar, ki ɗauko madarar aya mai sanyi, ki riƙa zubawa siriri kina juyawa ba tsayawa. Lita 5 da ta sauko daga tafasa idan ta haɗu da lita 3 mai sanyi, zafin yana tsayawa wajen digiri 65. Wannan ya isa ya kashe mafi yawan ƙwayoyin da ke cikin ɗanyar aya, kuma bai kai ya dafa ta ya canza mata ɗanɗano ba. Idan ma'auni ya nuna ƙasa da 65, ki ɗan ɗora a ƙaramar wuta ya kai. Ki rufe minti 30. Daga nan kada ya sake tafasa.

Sai sanyaya, kuma da gaggawa. Ki dasa tukunyar cikin baho mai ruwa, ki canza ruwan idan ya ɗumama, a karo na biyu ko na uku ki sa ƙanƙara a bahon. Ɗumin da ke tsakanin zafi da sanyi shi ne inda ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa, kuma dafaffen hatsi marar tsami abinci ne a gare su. Ki yi ƙoƙari ya huce cikin awa ɗaya. Ƙanƙarar kasuwa ta tsaya a wajen tukunya, ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba. Ki ɗanɗana bayan ya yi sanyi, domin sanyi yana rage jin zaƙi. Idan bai kai miki ba, ki narka sukari kaɗan a tafasasshen ruwa ki ƙara.

Ajiya, da iyakar da ba a ƙetarewa

Goruna su zama wankakku da sabulu, an ɗauraye da ruwan zafi, an kife sun bushe. Ki cika, ki rufe, ki sa a firji. Idan sanyin bai yanke ba, ki shanye cikin kwana 2. A kula mai ƙanƙara na yini ɗaya ne. A waje kuwa 'yan awanni ne, ki raba wa maƙwabta tun yana da kyau. Zai ɗan kwanta a ƙasan gora, girgizawa kawai yake so.

Ya kamata a faɗi wannan a fili. Ruwan tsiro mai zaƙi shi ne kuma mafarin burkutu. Abin da ya raba su yis ne da lokaci: idan yis ya samu wannan sukarin a wuri mai ɗumi, zai mayar da shi barasa da iska. Tafasa ta kashe wanda ke ciki, amma wani yana iya shigowa ta ludayi, ta gora, ta ƙurar iska. Saboda haka idan gora ta kumbura ta yi tauri, ko ta yi tsaki da kika buɗe, ko kika ga ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa, ko warinsa ya yi kaifi a hanci, ki zubar. Kada ki ƙara sukari don ki rufe, kada ki gauraya da sabo, kada ki ba yara.

Musulunci ya san wannan matsalar tun farko. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, yana sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, ba ya wuce nan. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito hani a kan jiƙa dabino da zabibi tare, malamai da yawa suka bayyana cewa gauraye yana saurin juyawa kafin mai shi ya ankara. Hukuncin dalla-dalla na malamai ne. Abin da ya shafi mai girki shi ne abin sha mai zaƙi biyu ya fi buƙatar sa ido, shi ya sa ba a jiƙa su tare, ba a bari su kwana a ɗumi, kuma ake yin daidai abin da za a iya shanyewa.

Gyara shi yadda gidanku yake so

Awon lita 5 na kunun gero da lita 3 na madarar aya tsaka-tsaki ne. Idan kina so aya ta fi fitowa ki kai ta lita 4, amma sai kin ɗora a ƙaramar wuta bayan haɗawa, domin zafin zai faɗi ƙasa da 65. Idan don buɗa-baki ne ana son mai riƙe ciki, ki rage ruwan damu da rabin lita. Mai son launi da ƙamshin lemon malt ta ware rabin gwangwani na tsiro, ban da guda biyun can, ta soya a kasko ba mai har ya yi ja, a markaɗa shi tare da gero. Soyayyen ba ya kawo zaƙi, ƙamshi da launi ne aikinsa, kuma idan ya ƙone ɗacinsa ba ya gyaruwa.

Idan kunun ya tsinke amma babu zaƙi, tsiron ya shiga da zafi ya yi yawa, ko dankalin ya yi kaɗan. Idan bai tsinke ba sam, tsiron ne ba shi da ƙarfi, ko ya tsufa ko ya sha damshi a ajiya. Idan ya yi kauri bayan an zuba aya, ba a bar farin ya kwanta sosai ba. Dusar gero da ta aya kuma a shanya su a ranar, kaji da awaki suna cinsu, amma idan aka bar su a jiƙe a roba kafin washegari sun yi wari.